X-Plane 12 a matsayin malamin fitilun titin jirgi: abin da yake koyarwa da abin da ba zai iya ba

Ɗaliban tuƙin jirgi da ke zaune a Legas, musamman 'yan Agege da Ikeja da jirage ke wucewa ta kan rufinsu, kan tambaya ko akwai amfani a sayi X-Plane 12, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, a ɗora a kwamfutar gida. Amsar ta danganta da abin da ake son koya. Idan saukar da jirgi da hannu ne, wato jin nauyinsa da lokacin ɗaga hanci, amfaninsa kaɗan ne. Idan kuwa karanta fitilun titi ne da dare ko cikin hazo, to da wuya a sami abin da ya kai shi arha a wannan aiki, muddin mai amfani da shi ya san inda manhajar take faɗin gaskiya da inda take ƙaga nata.

Kamfanin Laminar Research na Amurka ne ke yin ta, kuma wannan sigar ta fito a Disambar 2022. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Akwai ta gwaji kyauta, wadda ke ba ka minti 15 na tuƙi a ɗan yanki kaɗan na duniya. Kada ka biya ko sisi sai ka gwada wannan a kwamfutarka. Cikin jiragen da take zuwa da su akwai Cessna 172 da King Air da Boeing 737-800, kuma waɗannan sun wadatar ga aikin da muke magana a kai.

Abin da ya sa fitilun tsakiyar titi suka cancanci a zauna a koye su shi ne ba ado ba ne, ma'aunin nisa ne da aka shimfiɗa a ƙasa. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, a kundinta na 14 da ya shafi filayen jirage, ta ce a jera su tun daga bakin titi har ƙarshensa, tazarar mita 15 tsakanin kowace biyu. An yarda a yi mita 30 a titin da ba a aiki da shi idan gani ya gaza mita 350, bisa sharaɗin ana kula da gyaransu yadda ya kamata. A binne suke cikin kwalta, taya na bi ta kansu, kuma an yarda a ɗan kauce da su daga ainihin tsakiya har santimita 60. Farare ne tun daga farko har sai ya rage mita 900. Daga nan sai su koma ja da fari bi da bi har ya rage mita 300. Mita 300 na ƙarshe ja ne zalla. Idan titin bai kai mita 1,800 ba, ja da farin suna farawa ne daga tsakiyarsa. A titi mai tsawon mita 3,900, wanda shi ne tsawon titin 18R na filin Murtala Muhammed da ke Legas, wannan na nufin duk wanda ya ga jar fitila ta farko a tsakiya ya riga ya cinye mita 3,000.

Kowa na iya haddace wannan cikin minti biyar, kuma ɗalibai na haddacewa su ci jarrabawa. Abin da littafi ba ya bayarwa shi ne saurin da abin ke faruwa. Jirgin da ke gudun not 140 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) yana cin kusan mita 72 a daƙiƙa ɗaya, wato fitila kusan biyar na shigewa ƙarƙashin hancinsa kowace daƙiƙa. Mita 900 ɗin nan daƙiƙa 12 da rabi ne kacal a wannan gudu, jan yankin kuma daƙiƙa 4. Ko wanda ya rage gudu zuwa not 80, idan ya shiga ja bai ƙara ragewa ba, daƙiƙa 7 suka rage masa. Kuma nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu: idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu. A damina, lokacin da ruwa ya kwanta a kan kwalta, lissafin ya fi haka muni. A nan ne X-Plane ke biyan kuɗinta. Ka ɗora 737 a kan titi da dare, ka ja ma'aunin gani ƙasa, ka yi saukar da ta zarce wurin dira da gangan, ka ga yadda launin ke sauyawa kafin ka gama tunanin abin da za ka yi. Ka danna maimaitawa ka kalli abin daga gefe. Ka sake. Bayan maimaici da yawa ido zai daina fassara, ya koma ganewa kai tsaye: ja da fari, birki ya kamata ya riga ya kama, ja zalla, ya kamata gudun ya kusa komawa na tafiyar ƙasa.

Atisayen da ya fi kowane amfani shi ne na sauka a mafi ƙarancin gani na mataki na ɗaya, wato na farko cikin matakai uku na sauka da na'ura idan gani ya yi ƙaranci. Ƙa'idar wannan mataki ita ce tsayin yanke shawara kada ya gaza ƙafa 200, RVR kuma, wato nisan da matuƙi ke iya hango fitilu ko alamomin titi daga tsakiyarsa, kada ya gaza mita 550. A manhajar sai ka zaɓi farawa daga mil 10 kafin titi, ka sa lokaci ya zama dare, ka ja gani zuwa kusan sulusin mil, ka sauko da gajimare zuwa ƙafa 200 da ɗan ɗoriya, ka kama ILS, wato siginar rediyo da ke jagorantar jirgi zuwa titi. Abin da ke ba sababbi mamaki shi ne idan sun kai ƙafa 200 ba sa ganin titi ko kaɗan, sai su ɗauka manhajar ce ta yi kuskure. Ba kuskure ba ne. A gangaren digiri 3, jirgin da zai ƙetare bakin titi a ƙafa 50 yana da sauran mita 870 ko kusa da haka lokacin da yake ƙafa 200. Wanda ke ganin mita 550 kawai ba zai hango koren layin bakin titi ba. Fitilun tunkara zai gani, waɗanda aka jera mita 900 kafin titi daidai saboda wannan dalili, da sandar gicciye da ke mita 300 daga baki wadda ke nuna masa ko fikafikansa a daidaice suke. Idan ya sauko ƙafa 100, yana kan wannan sandar ke nan ko dab da ita. Wanda ya ga wannan jeri sau da yawa a allo ba zai tsaya neman titi a lokacin da ya kamata ya yanke shawarar ci gaba ko fasa sauka ba.

Tana kuma nuna sauran launuka yadda ɗalibi zai saba da su. Bakin titi kore, ƙarshensa ja. Fitilun gefe farare, tazararsu ba ta wuce mita 60 a titin da ake sauka da na'ura, kuma suna iya komawa rawaya a ƙarshe. Fitilun wurin dira, gajerun layuka farare hagu da dama na tsakiya, suna miƙewa mita 900 daga baki. Idan sun ƙare taya bai taɓa ƙasa ba, maganar sauka ta ƙare. Taksiwe, hanyar da jirgi ke bi tsakanin wurin fakin da titi, tsakiyarta kore ce gefenta shuɗi, inda kuma ta fito daga titi sai kore da rawaya bi da bi har jirgi ya fita daga yankin da zai iya gurɓata siginar ILS. Ga PAPI, fitilu huɗu a jere galibi a hagu: biyu ja biyu fari kana kan gangare, uku ja ka yi ƙasa, huɗu ja ka yi ƙasa sosai. Kusurwoyinsu a gangaren digiri 3 sun fara daga digiri biyu da rabi zuwa uku da rabi, shi ya sa launi ke saurin juyawa idan an matso kusa, kuma shi ya sa bin su ido rufe a ƙafa 100 na ƙarshe ke sa hannu rawa.

Bambanta kore da fari ba wasan yara ba ne. A ranar 7 ga Yulin 2017 wani jirgin Air Canada ya tunkari taksiwe a San Francisco da dare maimakon titin 28R, alhali jirage huɗu na tsaye a kanta, domin titin 28L da ke gefe a rufe yake kuma a kashe, sai matuƙan suka ɗauki na dama a matsayin na hagu. Da ƙyar aka tsira. Filin Legas ma titi biyu ne a jere, 18L da 18R, da hanyoyin taksi a tsakaninsu da kewayensu, ga hasken unguwanni da na manyan tituna ta ko'ina ga mai shigowa daga arewa. Shekaru da dama 18L ba shi da fitilun aiki da dare, jiragen cikin gida na sauka a 18R su yi doguwar tafiyar ƙasa zuwa tasharsu, sai a 2022 FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya, ta rufe shi na wasu watanni ta sanya masa. Duk daren da aka rufe ɗaya daga cikin biyun, hoton da ido ya saba da shi ya canza, kuma irin wannan dare ne ake so a ce an taɓa gani a allo tukuna. Manhajar na da sashen lalata abubuwa da gangan, a ciki kuma akwai kashe fitilun titi da kashe PAPI. Ka sa ta kashe su ba tare da ka san lokacin ba. Amsar da ake so ta zama ɗabi'a ita ce totur gaba, fasa sauka, ba ƙoƙarin lalubo kwalta da fitilar jirgi ba.

Akwai wani kuskure da ake yawan samu a duniya wanda ita ma ke iya koyar da gudunsa: jirgi ya shiga titi da dare ya daidaita kan layin fitilun gefe yana zaton na tsakiya ne. Yana faruwa ne inda kwaltar kafaɗar titi ke da faɗi, ko inda babu fitilun tsakiya amma matuƙi ya saba da filin da ke da su. Dukansu farare ne. Abin da ke raba su shi ne tazara, 15 ko 30 a tsakiya, har 60 a gefe, sannan wanda ke tsakiya na gaskiya zai ga layi ɗaya a hagunsa ɗaya a damansa, nisansu daidai. Na gefe kuma galibi a tsaye suke bisa ƙafa, taya na karya su, gutsattsarin na iya huda taya ko shiga injin.

To ga inda manhajar ke gazawa, kuma ba ƙananan wurare ba ne.

Filin Legas da ke cikinta ba filin Legas na daren yau ba ne. Filayen X-Plane yawancinsu masu sha'awa ne ke zana su da wata manhaja mai suna WorldEditor, su tura wa kamfanin ya saka. A bayanan kowane titi, fitilun tsakiya zaɓi biyu ne kawai, akwai ko babu. Babu gurbin tazarar 15 ko 30, babu gurbin cewa wani sashe ya mutu. Fitilun tunkara ana zaɓar su ne daga jerin nau'o'i da aka riga aka tsara. Saboda haka abin da ka gani a 18R na allo ra'ayin wanda ya zana ne a ranar da ya zana. Gaskiyar magana tana cikin AIP na Najeriya, wato kundin hukuma na bayanan jiragen sama, shafukan DNMM (laƙabin filin Legas), sashe na AD 2.14 da ke bayanin fitilun tunkara da na titi, da AD 2.15 da ke bayanin sauran fitilu da wutar ko-ta-kwana. Abin da ya lalace yau kuma yana cikin NOTAM, wato sanarwar da ake fitar wa matuƙa. Ɗalibi ya saba da gajerun kalmomin da ake rubutawa a can: RCLL fitilun tsakiya, REDL na gefe, RTZL na wurin dira, RTHL na baki, RENL na ƙarshe, ALS na tunkara, U/S kuma ba ya aiki. Layi ɗaya da ke cewa RCLL U/S na iya ɗaga mafi ƙarancin ganin da kamfani ya yarda a tashi da shi, domin ƙa'ida ta wajabta fitilun tsakiya ga titin da za a tashi daga kansa idan RVR ya yi ƙasa da kimanin mita 400. Don koyon cikakken jerin fitilu, gara ka zaɓi filin da ke aiki da mataki na uku na sauka da na'ura kullum, irin Heathrow ko Frankfurt, ka bar Legas don sanin shimfiɗar fili da alkibla.

Sannan manhajar 'yar Amurka ce, littattafan da ɗalibanmu ke karantawa a intanet ma yawanci na can ne, a ƙafa ake lissafi. A tsakiya bambancin bai taka kara ya karya ba: ƙafa 3,000 da 1,000 kusan mita 900 da 300 ne. A gefe kuwa akwai saɓani. Amurka na sa rawaya a ƙafa 2,000 na ƙarshe ko rabin titi, wanda ya fi gajarta. ICAO ta ce mita 600 ko sulusin titi, wanda ya fi gajarta, kuma ba dole ba ne a sa. A dogon titi kusan ɗaya ne, a gajere ba ɗaya ba ne. Mai shirin jarrabawar NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ko wanda zai tafi kwalejin Zariya ko ta Ilori, ya riƙe na ICAO.

Babbar gazawar ita ce haske kansa. Fitilun titi na gaske ana kunna su a matakai biyar. A jere suke kan waya ɗaya, wata na'ura tana riƙe ƙarfin wutar daga amfiya 2.8 a mataki na ɗaya zuwa 6.6 a na biyar, kowace fitila da ƙaramar taransifomarta domin idan ƙwai ɗaya ya ƙone sauran kada su mutu. Mataki na biyar na rana ne cikin hazo mai kauri. Da dare, idan an bar shi a haka, hasken na dallare ido, ƙurar hunturu ko ɗigon ruwa a gilashi su watsa shi, titi ya zama kamar ya matso kusa, matuƙi ya ɗaga hanci da wuri. Idan sun yi duhu da yawa, titin ya yi kamar yana nesa. Shi ya sa matuƙi ke da damar roƙon hasumiya ta rage ko ta ƙara. Allon kwamfuta ba ya iya dallare ido, mafi haskensa farin ɗigo ne kawai, kuma ba ka da wanda za ka roƙa ya sauko da su mataki na uku. Haka hazon manhajar a daidaice yake ko'ina, alhali na gaske yanki-yanki ne, shi ya sa ake auna RVR a wuri uku: wurin dira, tsakiya, da ƙarshe. Fitilunta kuma kullum sababbi ne fes. Na gaske, musamman na wurin dira, baƙar robar taya na rufe gilashinsu, ruwa na shiga ramukansu, wasu su dushe wasu su mutu. Ƙa'idar sauka da na'ura ta mataki na biyu da na uku na son kashi 95 cikin ɗari na fitilun tsakiya su kasance suna aiki, kuma kada biyu a jere su mutu, saboda giɓi na ɓata hoton da ido ke bi. Wutar ko-ta-kwana ma an ba ta daƙiƙa ɗaya tak ta karɓa ga waɗannan fitilu, a titin sauka na mataki na ɗaya kuwa daƙiƙa 15. Ka lissafa: daƙiƙa 15 a not 140 ya haura kilomita ɗaya a cikin duhu.

Jan shingen da ake kunnawa a gicciyen taksiwe kafin shiga titi, wanda hasumiya ke kashewa idan ta ba da izini, shi ma ba a samun shi yadda yake aiki a zahiri. Dokarsa gajeriya ce: ba a ƙetare shi yana kunne ko da an ji izini a rediyo, sai a tsaya a tambaya. Wannan sai dai a koya a aji.

Batun kayan aiki a Legas yana da nasa sharuɗɗa. Kwamfutar ofis ba za ta ja ta ba. A nemi RAM giga 16 da katin hoto mai giga 8 idan ana son dare da hazo su tafi sumul, domin fitilu da yawa na cin ƙarfin kati. Akwai dalili na musamman: idan hotunan da take zanawa suka gaza 20 a daƙiƙa, X-Plane na rage gudun lokaci, jirgin ya riƙa tafiya a hankali fiye da agogo. Wanda ke atisayen daƙiƙa 12 na ƙarshen titi a irin wannan kwamfuta yana koya wa idonsa ƙarya ne, domin zai ga yana da lokacin da ba shi da shi. A kunna ma'aunin hotuna a kusurwar allo, a rage inuwa da yawan gine-gine har ya zauna sama da 30. A Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ana samun kwamfutocin wasa na hannu, amma a je da manhajar gwajin a filashi, a ɗora a shagon, a bar ta ta yi aiki har injin ya ɗau zafi kafin a yi ciniki. Katin da ya gaji ba ya nuna halinsa a minti biyun farko. Babbar kwamfutar tebur na iya jan wat 300 zuwa 500 tana aiki, don haka ƙaramin UPS na minti kaɗan zai riƙe idan an ɗauke wuta. Mai inbata ya lissafa da wannan, wanda ba shi da ita laftof mai katin hoto ya fi masa.

Sitiyari mai tsada ba shi ne abin fara saya ba. Sandar tuƙi irin Logitech Extreme 3D Pro ta isa, kuɗin da ya rage a sa a fedar ƙafa, domin riƙe layin tsakiya a ƙasa aikin ƙafa ne, kuma murɗa sanda da hannu na koyar da ɗabi'ar da sai an sha wuya kafin a kankare ta a jirgin gaske. A daidaita tsayin idon matuƙi a allo sau ɗaya a adana, saboda idan kujera ta yi ƙasa hancin jirgi na ɓoye fitilun da suka fi kusa, waɗanda su ne suka fi fitowa a hazo.

Ta fuskar data ta fi Microsoft Flight Simulator sauƙi ga mazaunin Legas. Waccan ta fi kyawun gari nesa ba kusa ba, amma tana janyo taswirarta daga intanet ana cikin tuƙi. X-Plane kuwa ana sauke yankin da ake so sau ɗaya, a zaɓi Afirka ta Yamma da ɗan yankin Turai a bar sauran duniya. Da dare cikin hazo, kyawun gari ba ya ƙara komai. Bayanan hanyoyin sama da take zuwa da su tsofaffi ne, ana sabunta na gaske duk kwana 28, sai an yi rajistar biya da Navigraph kafin su yi daidai da taswirar yau. Ga mai koyon fitilu wannan ba dole ba ne. Da dala ake biyan manhajar, sau ɗaya, ta shafin kamfanin ko ta Steam, don haka a tabbatar katin banki na biyan kuɗin waje kafin a fara.

Awannin da aka yi a kanta a gida ba sa shiga littafin awanni, ba kuma sa maye gurbin simuletar da hukuma ta amince da ita. Ɗalibin da ke shirin fara tuƙin dare ko tuƙi da na'ura zai ci ribarta sosai idan yana zama rabin awa da manufa ɗaya, AIP a buɗe a gefensa, ɗakin a kashe fitila. Matuƙin da ya riga ya shiga layin aiki ba zai ƙaru da ita sosai ba, sai dai don leƙa shimfiɗar filin da bai taɓa zuwa ba kafin ranar tafiya. Wanda kwamfutarsa ba ta iya riƙe hotuna 30 da dare a sigar gwaji, ya ajiye kuɗinsa har sai ya canza kati.